Ranar da Malam Zanzaro Ya Saki Riga

A ma'aikatar binciken amfanin gona akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, daura da ɗakin ajiye tsintsiya da bokitai, wanda ba kowa ke son shigarsa ba saboda warin kafur. Ɗakin ƙwari ake ce masa. Durowoyi ne tun daga ƙasa har sama, kowace da murfin gilashi, kowace cike da matattun ƙwari an soke su da fil an jera sahu-sahu. A ƙarƙashin kowane ƙwaro akwai 'yar takarda da ba ta fi farcen yatsa ba, an rubuta inda aka kama shi, da ranar, da sunan wanda ya kama. Mutumin da ya rubuta takardun nan, kusan dukansu, shi ne Malam Zanzaro. Shekararsa ashirin da takwas yana wannan aiki.

Ba sai an faɗa ba, ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba. Rigarsa ce ta jawo masa. Tunda aka san shi ba a taɓa ganin bakin rigarsa a waje ba, kullum a cushe take cikin wando, an ja bel an ɗaure tam, maɓallan hannu a rufe ko da ana zafin da ke narkar da kwalta. Yana saurayi abin ya yi masa kyau, don siriri ne, ƙugunsa kamar na zanzaron gaske. Da shekaru suka tura, tumbi ya zo ya yi kaka-gida, ƙugu ya tattara nasa ya nasa ya bar gari, amma zanzaron riga yana nan. Matarsa kan ce rabon maigidanta da ganin bel ɗinsa ido da ido tun haihuwar autarsu, yanzu da lalube suke gaisawa.

Mutanen ma'aikata sun ɗauka gayu ne. Ba gayu ba ne.

Yana ɗan shekara tara, yayansa ya tafi da shi tsinko mangwaro a bayan makarantarsu. Yayan shekararsa goma sha shida, dogo, mai yawan dariya, sanye da wata babbar riga sakakkiya da iska ke kaɗawa. Yana kan reshe rina ta shiga ta ƙarƙashin rigar. Harbi ɗaya ta yi masa a haƙarƙari. Ya sauko yana dariya, yana cewa ɗan abu ne, bai kai cizon cinnaka ba. Ba su yi taku ɗari ba muryarsa ta canza. Leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya koma wani siririn fito kamar ana hura kwalba. Ya zauna a bakin hanya yana nuna maƙogwaronsa da yatsa. Ƙanen ya ruga ya kira mutane, mutane suka zo, aka ɗauke shi a kafaɗa. Ba a kai asibiti da shi ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka ƙudan zuma ya harbi ƙanen a idon sahu, ya ji wannan fito yana fita daga nasa ƙirjin. Allah ya sa a ƙofar wani asibiti abin ya faru. Likitan da ya ceto shi ya ce a jininsu abin yake, kuma harbi na gaba zai iya fin wannan sauri. Daga baya aka haɗa shi da wata allura mai kama da alƙalami, aka ce in an harbe shi ya soka a cinya nan take, kada ya tsaya neman shawara. Tun ranar tana aljihun wandonsa na dama. In ta tsufa ya sake wata.

To me ya kai mai wannan lalura ɗakin ƙwari? Rubutunsa. Allah ya ba shi hannu, yana iya rubuta layi huɗu a bayan kan sarkin wasiƙa kuma a karanta. Ya ji ana neman mai ƙaramin rubutu, ya je, a zatonsa ofis ne na takardu. Aka ba shi fom. A layi na sha ɗaya an tambaya ko cizo ko harbin wani ƙwaro yana yi masa illa. Lokacin yana da sabuwar amarya, ba shi da aiki. Ya ɗan dubi layin, ya rubuta "babu", kuma duk fom ɗin ba kalmar da ta kai ta kyau.

Ranar farko da aka jawo masa durowar rina, guda sittin a jere da fukafukai a buɗe, sai da ya dafa tebur. Amma kafin mako ya zagayo ya gano wani abu da ya kwantar masa da rai: duk faɗin garin nan ba inda ya kai ɗakin nan aminci. A nan kowace rina matacciya ce, kuma da fil a bayanta. Wajen fita daji kama ƙwari ne kawai matsalar, shi ma ya samo masa magani. Ya ƙirƙiro ciwon gwiwa. Gwiwa ce mai ladabi, ba ta tashi sai ranar da mota za ta fita.

Da zama cikin gawarwakin ya san su fiye da masu digiri. In ɗalibai sun zo ziyara, Dakta, shugabar sashen, wurinsa take turo su. Sai ya gyara bel, ya ce, “Dangin su zuma da rina da tururuwa gida biyu ne. Akwai masu ƙugu, akwai marasa ƙugu. Duk wanda kuka ga tsakiyarsa ta tsuke kamar an ɗaure da zare, ku ba shi hanya, a cikinsu masu harbi suke. Wanda ƙirjinsa ya haɗe da cikinsa sambal, ba tsukewa, wannan ba ya harbi.” In wani ɗalibi mai tsaurin ido ya saci kallon tumbinsa, sai ya ce, “E, ni ma ba na harbi.”

Daga nan sai ya jawo durowar da ya fi so, ta manyan masu zarto. Haka ya raɗa musu, don sunansu na littafi sai an huta a tsakiya. Ƙwari ne ƙosassu, wani ya kai gaɓar babban yatsa, waɗansu da ratsin rawaya da baƙi, sak rina. Yakan nuna musu gashin nan biyu na kansu, kowanne da ɗan dunƙule a ƙarshe. Yakan nuna musu bayan macen, inda rina ke da abin harbi ita ɗan zarto gare ta, da shi take tsaga ganye ta zuba ƙwai a ciki. Tsutsarsu ganye take ci, ta yi kama da ta malam-buɗe-littafi sai dai ta fi ta yawan ƙafafu, in tana hutawa ta naɗe kamar gammo, in ka taɓa ta ta feso maka ruwa daga gefen jikinta. In ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta wani ƙunshi mai tauri ruwan ƙasa ta shige, wata sai ta shekara biyu ko uku a ciki ba ta fito ba. Yakan rufe da cewa, “Kayan soja kawai suka ara, ko wuƙa ba su da ita.” Ya faɗi wannan magana ta fi sau ɗari, kullum da gilashi tsakaninsa da su.

Mafi yawan dangin nan a ƙasashe masu sanyi suke, ba a ganinsu a nan. Shekara biyu da suka wuce Dakta ta dawo daga wani taro da kyautar ƙunshi huɗu a ƙaramin kwali. Dokar ɗakin ita ce duk abin da zai shigo sai ya yi mako biyu a firiji, don sanyi ya kashe abin da ke ciki. Malam Zanzaro ya bi doka. Sai dai firijin ya girmi rabin ma'aikatan, sanyinsa na lallashi ne. Ya fito da kwalin, ya girgiza a kunne, ya ji shiru, ya rubuta "babu rai" a murfin, ya ɗora a saman kabad, ya manta.

A watan da wannan labari ya faru, rina ta yi gida a ƙarƙashin tagar ɗakin ta waje. Ragar tagar kuma ta yage a kusurwa, wajen faɗin yatsa biyu. Ya rubuta takarda sau biyu a zo a cire gidan, bai faɗi dalili ba, don haka ba wanda ya ga abin gaggawa. Ya toshe yagewar da auduga. Kullum da safe abin da yake fara dubawa ke nan.

Ranar Talata, wajen ƙarfe goma, yana tsaye gaban tebur yana sake kafur a wata durowa, ya ji ruri. Ba irin na ƙuda ba, wannan mai kauri ne, kamar an kunna ƙaramin inji a bayan kunnensa. Ya ɗaga ido ya dubi taga. Audugar tana ƙasa.

Wani abu rawaya da baƙi ya gifta ta gaban fuskarsa, ya bugi ƙwan lantarki, ya zagaya ɗakin sau biyu. Sai rurin ya yanke. A daidai lokacin ya ji ɗan nauyi a jikin rigarsa, da ƙananan ƙafafu suna kama yadi. A ƙasan tumbi ne, ta dama, dab da bel, saitin bakin aljihun da allurar take.

Bai motsa ba. Ya sauke ido kawai, ya ga abin da ya saba gani: farar riga, maɓalli uku, sai tudun ya gangara ya ɓace. Abin yana can inda idonsa bai kai ba shekara goma sha biyar. Hannunsa na dama yana riƙe da ƙwallon kafur, a sama, ya bar shi a nan. Gumi ya taso masa daga ƙeya ya bi tsakiyar baya. Ya fara jin maƙogwaronsa, abin da mutum ba ya ji sai ya tsorata. Ya haɗiyi yawu ya ji ya wuce. Ya sake haɗiya don ya tabbatar. Ko da zai iya zura hannu aljihu, sai ya ratsa ta kan abin. Ya yi lissafi: daga harbi zuwa fito, yayansa bai yi taku ɗari ba.

Ƙofa ta buɗe. Inna mai shara ce, da bokiti da tsintsiya, ƙarfe goma lokacinta ne. Ta girme shi da shekara goma sha wani abu, kuma ita kaɗai ce a ma'aikatar take shigowa ɗakin ba ta toshe hanci ba.

“Salamu alaikum. Malam, ɗaga ƙafa in wuce. Af! Lafiya ka sandare kamar kai ma an soke ka da fil?”

“Inna,” ya ce, leɓɓansa kawai ke motsi, “riƙe ƙofar nan kada ta buga. Ki rufe a hankali. Ki ajiye tsintsiya.”

“Ikon Allah. Yau kuma sharar aka hana?”

“Akwai abu a jikina. Nan ƙasan cikina. Duba min.”

“Ƙasan cikinka? Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ni fa na aurar da jika.”

“Inna, don Allah.”

Ta ji yadda ya faɗa. Ta ajiye bokiti, ta sunkuya tana ƙanƙance ido, sai ta ja baya. “Innalillahi! Rina ce, ƙatuwa, ban taɓa ganin irinta ba. Tsaya in make ta.”

“Kada ki taɓa ta!” Ya ji ƙafafun sun motsa a kan yadin, ya rage murya. “In kika kuskure za ta harbe ni. In ta harbe ni mutuwa zan yi, Inna. Maƙogwarona rufewa yake. Haka yayana ya rasu, ina tsaye ina kallo.”

Shekara ashirin da takwas bai faɗa wa kowa a ginin nan ba, ga shi ya faɗa wa mai shara da ƙwallon kafur a hannu. Inna ta dubi fuskarsa, ta ga ba jini a cikinta. Ta sauke hannun da ta ɗaga.

“To gwiwar fa?” ta ce a hankali.

“Lafiyarta ƙalau.”

“Na sani, na sha ganinka kana hawa bene bibbiyu. In kira Dakta?”

“Kafin ki dawo an gama. Tsaya nan. Ke ce idona yau. Dubi kanta, akwai gashi biyu. Yaya suke? Sirara ne har ƙarshe?”

Ta matso taku ɗaya, ta dafa gwiwoyinta. “Ni idona ba na zare allura ba ne yanzu. Tsaya. A'a, ba sirara ba ne. Kamar ashana suke, da ɗan kai a ƙarshe. Kan rawaya ne.”

Ɗan dunƙule a ƙarshe. Idonsa ya tafi saman kabad, inda ƙaramin kwalin yake, murfinsa ya ɗan karkace. Daga nan yana iya hango rubutunsa: babu rai. Shi da kansa ya rubuta. Bai taɓa shakkar rubutun hannunsa ba, amma a tsayen nan ya tuna ya taɓa rubuta wata "babu" mai kyau, ita ma ba gaskiya ba ce.

Da ɗalibi ne da ya saki ajiyar zuciya a nan. Matsalar Malam Zanzaro ya san abin da ya wuce haka. A durowa ta talatin da ɗaya akwai waɗansu 'yan gidan rina masu cin garin fure, su ma gashin kansu da dunƙule, kuma da abin harbinsu. Shi ya jera su. Gashin kai shaida ce, amma ba ita ce hukunci ba. Hukuncin yana tsakiya.

“Inna, ƙugu fa? Akwai ƙugu?”

“Wa? Kai?”

“Inna!”

“Yi haƙuri, bakina ne ya riga ni.” Ta leƙa ta hagu, ta leƙa ta dama. “Ba na gani. Ta rufe bayanta da fukafukai kamar mai jin kunya.”

Haka ne, ya sani. In suna zaune fukafukan kan kwanta a kan tsakiyar. A durowa shi yake buɗe musu fukafukai da fil kafin su bushe, shi ya sa komai ke bayyane. Mai rai sai ya ga dama. Kuma ko ta buɗe, idon Inna ba zai yanke wannan shari'a ba, sai nasa. Dole abin ya fito daga ƙarƙashin tudun nan ya zo inda zai gan shi, kuma hanya ɗaya ce: a zaro rigar daga wando, a ɗago bakinta da abin a kai.

Tun yana ɗan shekara tara bai taɓa tsayawa da sakakkiyar riga a inda ƙwaro mai rai yake ba. Ko a gida, da singileti a cushe yake kwana, matarsa ta yi tsiya har ta gaji. In ya zaro rigar, ya buɗe ƙofar da aka bi aka shiga wa yayansa.

“Tana tafiya,” in ji Inna. “Ta nufi wajen maɓalli. Akwai 'yar kafa a nan, Malam, inda rigar ta yi maka kaɗan.”

Ya buɗe yatsu, ƙwallon kafur ya faɗa cikin durowa. Ya kai hannun hagu baya, a hankali kamar mai zare ƙaya, ya kama yadin ya ja. Bayan rigar ya fito. Iska ta taɓa fatar bayansa, tsigar jikinsa ta tashi. Ya bi ta gefen hagu yana ja kaɗan-kaɗan. Bel ɗin ya riƙe, don shi ya ɗaure shi da kyau da safe. Ya tsotse ciki iya ƙarfinsa.

“Ashe yana shiga,” Inna ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Gaban rigar ya zame ya fito. Yanzu ba abin da ya raba cikinsa da duniya. Ya kama bakin rigar da yatsu huɗu, biyu ta kowane gefe, ya miƙa ta gaba ya fara ɗagowa kamar mai tarar abu a zane. Ya ji nauyin ya bar jikinsa ya koma kan yadin.

“Ta juya. Tana gangarowa wajen hannunka. Za ta leƙa ƙasa. Malam, ɗaga! Ɗaga!”

Ya ɗaga. Abin ya ɓullo daga bayan tudun, a tsakiyar farin yadi, tazarar taƙi ɗaya daga hancinsa. Ƙato ne, kansa baƙi mai sheƙi, cikinsa da ratsin rawaya, ashana biyu suna rawa a goshinsa. Yadin ya karkata, ya ji zai zame, sai ya ware fukafukansa ruwan shayi don ya daidaita, rurin ya cika ɗakin.

Malam Zanzaro bai rufe ido ba, ko da yake duk jikinsa abin da yake roƙo ke nan. Ya duba tsakiya. Ƙirji ya sauko ya haɗe da ciki, faɗi ɗaya, ba zare, ba tsukewa.

“Ba ƙugu,” ya ce. Ya sake cewa, “Inna, ba ƙugu.”

Ta leƙo ta gefen kafaɗarsa. “Ai kuwa. Daga sama har ƙasa ɗaya. Wannan ɗan'uwanka ne, uwa ɗaya uba ɗaya.”

Abin da ya yi bayan haka shi kansa bai san dalili ba. Wataƙila maganar nan da ya faɗa wa ɗalibai sau ɗari ce ta zo karɓar haƙƙinta. Ya saki gefe ɗaya na rigar, ya miƙa babban yatsansa. Ƙwaron ya hau. Yana da nauyi, ƙafafunsa na da kaushi. Ya ɗan tsaya, ya buɗe waɗansu manyan muƙamuƙai, ya dantsa wa yatsan cizo.

Zafin ya tafi har gwiwar hannu. Inna ta yi salati, ta zura hannu aljihunsa ba neman izini, ta zaro allurar ta riƙe ta a juye. “Ina ake sokawa? Faɗa min!”

“Tsaya.” Ya san baki ne ba harbi ba. Ya ma san namiji ne, su ne masu manyan muƙamuƙai, ko zarton ba shi da shi. Kansa ya san duk wannan. Maƙogwaronsa ne bai je makaranta ba. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da durowoyi, ƙwaron na kan yatsansa, ya ja numfashi yana sauraro. Ya ja na biyu. Yana jiran fiton. Ya ƙirga har ɗari, kamar mai ƙirga taku, sannan ya ƙara wani ɗarin. Iska tana shiga tana fita, ba abin da ya tare ta.

Inna ta ga ruwa na bin kumatunsa. Ta juya ta shiga gyara bokitin da ba abin da ya same shi.

Ya miƙe, ya kifa wa ƙwaron kwalba, ya sauko da kwalin. Ƙunshi uku suna nan yadda suke. Na huɗun an yanke masa kai, yanka mai kyau a zagaye kamar murfin tulu. Ashe mako biyun nan a tsohon firiji, a wurin ƙwaron lokacin sanyin ƙasarsu ne kawai ya zo ya wuce. Audugar taga kuwa iska ce ta ture ta.

Dakta ta shigo ta tarar da shi riga a sake, yatsa na jini, ta ga abin da ke cikin kwalba ta manta da shi gaba ɗaya. Sai da ta gama murna Inna ta ce, “Ranki ya daɗe, tambaye shi gwiwarsa.” Ya faɗa mata komai, yana kallon ƙasa. Har ya fara tunanin inda zai samu kwalin kwashe kayansa. Sannan ta yi masa faɗan da bai taɓa ji daga bakinta ba, ba don fom ba, don takardun nan biyu da ya rubuta bai sa dalili ba. Kafin a tashi aiki an cire gidan rinar, an sake ragar taga. Ta sa aka nemo tsohon fom ɗinsa, ya yi rawaya don tsufa, ta ajiye masa a tebur ta ce ya gyara layi na sha ɗaya da hannunsa.

Da ya isa gida matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta saki zanen da ke hannunta.

“Baban yara, wa ya rasu?”

“Ba kowa.”

“To wa ya sakar maka riga?”

Ya ba ta labari. Ba ta yi dariya ba ko a wajen da Inna ta ce ɗan'uwansa ne. Ta kama yatsan ta duba, ta duba, ta ce gobe sai ta ga allurar nan da idonta kafin ya fita. Dariyar sai bayan kwana biyu ta zo mata, tana tsakiyar wanke-wanke, har ta zauna.

Ƙwaron ba a sake shi ba, don baƙo ne a ƙasar, doka ba ta yarda ba. Dakta ta ce a sa shi a kwalbar kashewa, Malam Zanzaro ya ce ranki ya daɗe a bar shi, irinsu ba sa daɗewa. Ya ajiye shi a teburinsa da ɗan reshe da auduga mai ruwan sukari. Kwana shida ya yi yana ruri, kuma duk rurin da ya yi sai gaban Malam Zanzaro ya faɗi, sanin da ya yi bai hana ba. Rigar ma tun washegari ta koma cikin wando, don rina ba ta ƙare a duniya ba.

Ran na bakwai ya tarar da shi a kwance. Ya soke shi da fil, ya ware masa fukafukai yadda kowa zai ga tsakiyar, ya yanko 'yar takarda. Ya rubuta rana. A layin wanda ya kama, inda shekara ashirin da takwas yake rubuta sunayen waɗanda suka shiga mota suka tafi daji, ya rubuta nasa, na gaskiya, wanda ko Inna sai da ta tambaya na wane ne. Layin wurin da aka kama ne ya tsayar da shi, alƙalami a sama.

Inna na shara a bayansa. “Rubuta gaskiya dai, ɗan nan,” ta ce. “Ka san inda aka same shi.”